Hutun da Ya Gagari Mati

Shi dai Mati na gidan Malam Abdulƙadir a Marken Tudu tun yana goye ake ba da labarin rashin zamansa. Inna Barira da ta haife shi ta sha faɗa wai in za ta ɗebo ruwa sai ta ƙara majanyi a kan zani, in ba haka ba kafin ta kai bakin rijiya ya zame ya dawo ƙugu yana harbin iska. Da ya fara tafiya kuwa shi ke nan, yanzu yana zaure, yanzu yana bayan rumbu, yanzu an tsinto shi a gonar wasu yana bin fara. Kuma ka san Marken Tudu, can tsakanin Bici da Tofa, gona ce manne da gona, babu wani daji da mutum zai shiga ya ɓace, duk inda ka juya akwai mai ganinka, ko mai kai taki ko mai kiwon awaki ko wata tsohuwa a gindin ɗorawa, to shi ya sa duk abin da Mati ya ɗauka ya ajiye a rayuwarsa babu wanda bai gani ba.

Kuma ya ɗauka ya ajiye da yawa. Firamare bai gama ba, wai bencin yana cizonsa. An kai shi koyon ɗinki Tofa, ya ɗinka wando guda, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo, bai jira an nuna masa gyara ba ya taho gida a ƙasa. Ya yi kiwon kaji, kafin su fara ƙwai ya sayar. Ya yi acaɓa da mashin ɗin wani, ya zauna shagon cajin waya, wannan ma shi ya fi saurin bari don aikin duk zama ne da kallon 'yar fitila ta koma kore. Noma ne kawai bai bari ba, shi ma don mahaifinsa Malam Abdulƙadir ba ya wasa da gona ne, kuma a gonar ma in ka gan shi sai ka ce biyo shi aka yi, ya gama kunyarsa ya shiga ta wani, in an kawo fura kowa ya nufi inuwa shi a tsaye zai sha ya goge baki ya koma. In an ce Mati zo ka huta sai ya ce hutu na ragwaye ne da marasa lafiya. In kuma dole ta sa ya zauna a majalisa to ƙafarsa ba ta zauna ba, tana nan tana karkarwa har benci ya ɗauka, masu shan shayi su riƙe kofunansu. Daga nan aka sa masa Kaɗa-benci, sunan ya bi shi har ya yi gemu.

Sai kuma jita, ita a wajen dako ta same shi. Wani ɗalibi a Bici mai suna Jamil, mai kaɗa fiyano, yana da 'yar ƙungiya ta masu kiɗan biki, ran nan ya rasa mai kai masa sifika gidan wani biki sai aka haɗa shi da Mati, lokacin yana kan mashin ɗin nan na aro. Ya kai, ya sauke, zai juya ke nan aka tayar da kiɗa. Akwai fiyano akwai ganguna akwai mai waƙa, duk ya san waɗannan, amma akwai wani abu a ƙarƙashinsu wanda ba a kunne yake jinsa ba, a ƙirji yake ji da cikin ciki, kamar in babbar mota ta wuce titi kana kwance a tabarma. Ya duba ya duba sai ya ga wani dogon saurayi a gefe, Zubair sunansa, riƙe da wata jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri kamar wayar burki, ko motsin kirki ba ya yi, yatsu biyu kawai ke tafiya. Sai Mati ya kalli ƙafarsa. Tana karkarwarta da ta saba, amma yau tare suke tafiya da abin nan, inda ya taka nan take takawa. Tunda aka haife shi ƙafar nan ba ta taɓa samun abokin tafiya ba sai ran nan. Ya manta da mashin ya manta da fasinja, sai da aka fara naɗe wayoyi ya motsa. Ya tambayi sunan jitar aka ce masa bes.

Ba a daɗe ba Zubair ya gama karatu, bautar ƙasa ta jefa shi can kudu, ya bar jitar a ɗakin Jamil kafin ya sami wurin zama ya aiko a kai masa. Mati ya ji labari. Ya tare a ƙofar Jamil, da safe yana nan, da la'asar yana nan, ya ɗebo masa ruwa, ya goge masa janareto ba wanda ya sa shi, har Jamil ya gaji ya kira Zubair a waya. Abin da suka yanke shi ne Mati ya tafi da ita ya koya. Akwai wani babban biki da aka kama su za su yi a Rijiyar Zaki bayan an girbe gero, kafin nan za a yi gwaji na ƙarshe, in Mati ya riƙe waƙoƙin to jita ta zauna a hannunsa, shi ne mai bes na ƙungiya, in bai riƙe ba Jamil zai yi bes ɗin da hannun hagu a fiyano kamar yadda kowa ke yi, ita kuma jita a sa ta a mota ta bi mai ita.

Ya dawo gida da murna ya ce wa Inna ya sami sana'a, zai koyi bes, wani a Bici zai koya masa. Ita kuwa Inna bas ta ji. Ta yi hamdala, ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta tana cewa a taya ta addu'a Mati zai fara tuƙin bas Bici zuwa Kano, har Gwaggo Maimunat ƙanwar Malam ta ce to ita dai gidan gaba za a riƙa sa ta. Washegari sai ga shi da doguwar baƙar jaka a baya. Inna ta zagaya jakar ta ce ina motar. Ya zuge ya fito da ita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye shi wannan bas ɗin mutum nawa take ɗauka. Ramlat kuwa, 'yar Gwaggo Maimunat, abokiyar wasansa wadda ba ta taɓa raga masa ba, tun daga ranar direba take kiransa, in ta hango shi sai ta ɗaga hannu wai a tsaya mata.

Malam Abdulƙadir bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi wa Mati sauƙi. Mutane sun same shi a ƙofar masallaci suna cewa gidanku ba gidan makaɗa ba ne, yaya za ka zuba ido. Ya ce shi dai kada ta taɓa salla kada ta taɓa gona, ban da wannan ba zai ɓata bakinsa ba. Sannan ya ƙara da maganar da aka kawo wa Mati har ɗaki:

"Ku bar shi. Kafin gero ya fid da kai ya jingine ta ya kama wani abin."

Maganar nan ta yi wa Mati zafi, don ya san ba ƙarya aka yi masa ba.

To sai koyo. Jamil mutum ne mai haɗa Hausa da Turanci, rabin abin da yake faɗa sai Mati ya juya shi a ka kafin ya shiga. Ranar farko ya nuna masa tsirkiya mafi kauri ya ce sunanta I, mai bi mata E, sai Di, sai Ji. Ya taɓa ta farko ya ce wace ce wannan, Mati ya ce I. Wannan fa? E. Fatihu mai ganguna, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce kai tambayarka ake yi kana ta i, e, kamar an kai ka gaban mai gari. Ƙarafunan da suka gitta wuyan jitar Jamil ya ce firet, Mati ya ce gaɓa, don sak gaɓoɓin rake, kuma har yau gaɓa yake cewa. Aka ce kowace waƙa tana da ki, ya zaci mukulli za a ba shi, ashe gidan da waƙar take kwana ne, duk yawon da za ta yi nan za ta dawo. Aka ce aikin mai bes shi ne ya riƙe rut, Jamil ya yi ta laluben Hausarsa can ya ce saiwa, Mati ya ce ai da ka faɗa tun ɗazu, wannan ko a gonar rogo mun san ta.

Hannun dama yatsu biyu ne ke aiki, manuni da na tsakiya, suna karɓa-karɓa kamar ƙafafun mai tafiya, kada ɗaya ya taka sau biyu. Tafin hannunsa duk kanta ce ta fartanya amma kan yatsun ɗanye ne, suka yi bororo suka fashe suka sake yi, da safe ya kama fartanya da su yana cije baki. Ga shi Marken Tudu ba wuta ba sifika, ita kuma bes in ba a jona ta ba muryarta kamar sauro a cikin tulu. Da kansa ya gano in ya dafa kan jitar a jikin ƙyauren ɗakinsa na katako sai ƙyauren ya ɗauka ya yi gurnani, to haka yake koyo, a tsaye, manne da ƙofa, daga dawowa gona zuwa kiran magariba, awaki na kallonsa, waƙoƙin da Jamil ya tura masa suna tashi a waya cikin aljihu. Ko a gona ana maimai yatsun nan tafiya suke a jikin ƙotar fartanya. Duk ƙarshen mako ya hau ko me ya samu ya tafi Bici gwaji. Gero ya yi kara, ya fid da kai, ba a jingine jita ba. Mati ya so wani ya tuna wa Malam, ba wanda ya tuna masa.

Wajen gudu kuwa ba a magana, Jamil da bakinsa ya ce bai taɓa ganin hannu mai sauri haka ba. Ba nan matsalar take ba.

A cikin waƙoƙin akwai ta shigowar amarya, ita masu biki suka fi so, kuma a tsakiyarta akwai wani wuri da kowa ke tsayawa cak, fiyano da ganguna da bes, a bar mai waƙa shi kaɗai ya kira sunan amarya, a ƙirga ɗaya biyu uku huɗu a zuci, sannan bes ce za ta fara faɗowa, dum, kowa ya biyo ta. Jamil ya ce wannan wurin sunansa res. Mati ya ce mene ne res. Jamil ya ce hutu.

Kalmar nan ita ta rikita komai. Da farko ƙin ta Mati ya yi. Shi da ko fura a tsaye yake sha, a ce ya huta a tsakiyar aiki ga mutane na kallo? Duk sanda aka zo wurin kowa ya yi shiru sai ka ji shi kaɗai, dugudugudugu, yana cike gurbin, shi a ganinsa taimako yake yi, har mai waƙa ya rasa inda zai sa sunan amarya. Jamil ya tsayar, a sake. Ya sake cikewa, wannan karon a hankali wai ko ba za a ji ba. Fatihu ya ce ko mai tallan gyaɗa yana tsayawa ya haɗiyi yawu. Jamil ya dafe kai ya ce don Allah Mati hutu aka ce, ka huta, ka saki abin nan.

To sai ya huta irin hutun da ya sani, wanda yake gani ana yi a gindin ɗorawa. Aka zo wurin ya saki jita gaba ɗaya, hannu biyu, ya goge gumi, ya gyara hula, ya leƙa ƙofa don ya ji tsayuwar mashin. Tsirkiyar da ya bari ba ta yi shiru ba, a ƙyauren gida da kanta take mutuwa shi ya sa bai taɓa sani ba, amma a sifika sai ta ci gaba da kuka, wuuu, har kwanon rufi yana amsawa. Hankalinsa da ya tafi ƙofa kuma bai dawo da wuri ba, lokacin faɗowa ya wuce, kowa na jiran dum, shiru, sai can ya faɗo a kan maganar mai waƙa kamar wanda jaki ya kayar. Aka sake, ya riga kowa. Aka sake, ya makara. Jamil ya nuna masa yadda ake kwantar da yatsun hagu a kan tsirkiya a kashe ta, wannan ya iya nan da nan, amma da zarar ɗakin ya yi shiru sai zuciyarsa ta tashi ta fita, ta je gona ta je kasuwa, ƙirgan ya tsinke. Mako ya zo mako ya wuce haka ake. Ya ce wa Jamil shi fa in yana aiki yana aiki, in an ce hutu kuma ba ya nan, bai san yadda ake yin biyun tare ba. Jamil ya ce gwajin da ke tafe shi ne na ƙarshe, kuma Zubair ya kira, ya sami ɗaki.

Lokacin an girbe gero, an ɗaure an kai rumbu. A majalisa aka fara maganar masu tafiya noman rani, tumatir, ana neman hannu, mota na shirin tashi. Mati ya ji tsohon ƙaiƙayin nan ya taso masa daga tafin ƙafa, wanda ya sani tun Tofa da wandon nan. In ya tafi yanzu ba mai cewa korarsa aka yi, cewa za a yi Kaɗa-benci ne ya yi halinsa. Ya je gida ya sa jita a jaka ya zuge, ya jingine ta a bango, sai ya tsaya yana kallonta a jingine, maganar Malam tana dawo masa. Ya fita, ya dawo, ya zauna bakin gado, ya miƙe, ya sake fita.

Ran nan kuwa ana shirin suna, an yi wa Gwaggo Maimunat jika, kuma da yake turmin Inna ya fi na kowa girma a nan tsakar gidan ake dakan fura. Su uku ne a kan turmi ɗaya, Inna da Gwaggo da Ramlat, suna lugude, wannan ta sauke wannan ta ɗaga, dum, dum, dum, ba mai taɓa taɓaryar wata. Mati ya zo wucewa zai je ya ce a tafi da shi tumatir, sai ƙafarsa ta ƙi, ta kama dakan. Yana tsaye sai Ramlat ta cilla taɓaryarta sama, ta sake ta gaba ɗaya, ta tafa, ta tafa, ta cafe, ta sauke ta dum daidai gurbinta, ko ƙiris ba ta kauce ba. Abin da yake gani tun yana goye amma bai taɓa tsayawa ya kalla ba.

Ya ce, don tsokana, lalle Ramlat an iya ha'inci, tsofaffi na daka ke kina cilla taɓarya kina hutawa.

Ko kallonsa ba ta yi ba, idonta na sama.

"Hutawa? Direba, in na huta a nan ai a kaina za ta sauko."

Inna tana haki ta ce ai lokacin da taɓarya ke sama ne mutum ya fi kasa kunne, hannu ne kawai ba komai a cikinsa amma kai kana cikin dakan, kana jin na 'yan'uwanka, in ka bari ya fita daga jikinka to ko ka fasa wa wata baki ko ka zubar da gero.

Mati ya ce a ba shi. Suka yi ta dariya, Gwaggo ta ce yau ga namiji da taɓarya, a rufe ƙofa kada a ji a gari. Ramlat ta miƙa masa. Ya shiga, dum ɗinsa na faɗawa daidai don wannan ba ya ba shi wuya, sannan ya cilla. Taɓarya na barin hannunsa ya ji abin nan, zuciya ta yunƙura za ta tafi yawonta, sai dai wannan karon akwai icce mai nauyi a saman kansa, ba inda za ta. Bai cafe da kyau ba, ta bugi ta Gwaggo, gero ya watse, kaji suka rugo, Gwaggo ta ce Allah ya shirya. Ya sake, ta kusa fasa masa yatsan ƙafa. Ya sake. A wani jifan sai ya ji dum ɗin Inna, ya ji dum ɗin Gwaggo, hannunsa wayam, ya tafa, taɓarya ta dawo kamar miƙo masa aka yi, ya sauke. Daidai.

Ya ajiye taɓarya ya ruga ɗaki, suka zaci kunya ce ta kama shi. Sai ga shi da jita, ya dafa kanta a ƙyauren ɗakin Inna, ya ce Ramlat ta koma ta ci gaba. Suna daka yana bi, in ta cilla sai ya kwantar da yatsun hagu ya kashe tsirkiya, ya ɗaga kai ya bi taɓaryar da ido har ta dawo su faɗo tare. Ramlat ta gane, ta fara yi masa mugunta, ta cilla da nisa, ta cilla gajere, ta yi kamar za ta cilla ta fasa, wani lokacin ta kayar da shi ta yi masa gwalo, wani lokacin ya kama ta. Suna ta yi har Inna ta ce to ya isa, fura za a yi ba kwalli ba.

Ana cikin haka Malam ya shigo ɗaukar buta. Ya tsaya, ya kalli ɗansa manne da ƙofa, ya kalli rumbu, ya sunkuya ya ɗauki butarsa. Yana wucewa ta gefen Mati ya ce, kamar da butar yake magana, gero dai ga shi har ya shiga rumbu. Ya fice.

Motar tumatir ta tashi ba da Mati ba.

Ranar gwaji, bayan azahar, ya tarar Fatihu ya shimfiɗa masa tabarma har da filo a gaban sifika, wai don in an zo res kada ya sha wuya. Mai waƙa na dariya, Jamil ba ya yi. A lungu kuma ga wani dogon kwali da igiya an ajiye, Mati na gani ya san na mene ne. Aka tayar da janareto, aka jona, ya saita tsirkiyoyinsa, ƙafarsa na rawa fiye da kullum. Waƙoƙin farko suka wuce lafiya, ba su ake jira ba. Jamil ya ɗaga kai ya ce amarya.

Suka shiga. Yatsu na tafiya, saiwa a riƙe, wurin na matsowa, Mati na jin sa yana tahowa kamar kwana a hanya. Fatihu ya yi bugun ƙarshe. Mati ya kwantar da hannun hagu, sifika ta ɗauke ɗif, ba ko wuuu. Ɗakin ya yi shiru, a waje wani mashin ya tsaya, wani yana kiran mai rake, zuciya ta yunƙura, shi kuwa ya riga ya cilla, kansa a ɗage, idonsa a kan kwanon rufi, tana hawa, mai waƙa ya kira sunan, tana juyowa, tana saukowa, ga ta nan.

Dum.

Fiyano ta biyo, ganguna suka biyo, kuma Jamil bai ɗaga hannu ya tsayar ba, abin da tunda aka fara koyon nan bai taɓa faruwa a wannan wurin ba. Waƙar ta zagayo, res ya sake zuwa, Mati ya sake ɗaga kai. Wannan karon Fatihu bai daure ba, ya ɗaga nasa kan don ya ga me ke saman, yana can yana neman ƙadangare ko ɓera bes ta faɗo ta bar shi, ya shigo a makare yana lalube. Mai waƙa ya kasa ci gaba don dariya. Mati ya tura masa filon da ƙafa ya ce ga shi nan in yana so.

Da aka gama Jamil ya tambaye shi wai me yake kallo a sama.

"Taɓarya," in ji Mati.

Jamil ya kalli rufin, ya kalli Mati, ya ce ko ma mece ce kada ya daina kallonta. Ya jawo kwalin nan ya zuba wayoyin sifika a ciki, ya fita waje da waya a kunne, ta taga suka ji yana ce wa Zubair ya bar ta a nan, an sami mai ita.

Bikin Rijiyar Zaki an yi shi, an yi wasu bayansa. Mati yana nan Marken Tudu, da damina yana gona, fura har yanzu a tsaye yake sha, benci har yanzu yana kaɗawa, Ramlat ba ta daina tsayar da direba ba, Inna kuma in za ta share ɗakinsa sai ta ce a ɗauke mata bas ɗin nan daga hanya. Kalmar hutu dai bai yarda da ita ba har gobe, in Jamil ya ce akwai res a nan sai ya ce to, a nan za a cilla. In ka je bikin da suke kiɗa ka jira shigowar amarya, wajen da komai ke ɗaukewa, za ka gan shi a gefe da doguwar jita, hannu kwance a kan tsirkiya, kai a sama, kuma duk waɗanda ke kusa da shi, mata da gwaggwaro da dattawa da hula, sai ka ga sun ɗaga kai suna duba rumfa su ma, ba su gama dubawa ba za ta sauko.